Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Shugaban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo Ta Maraɗi Game Da Lafiyar Kawunan Ɗalibai

Daga Dakoro, Jahar Maraɗi.

Zuwa ga Shehun Malami, Shugaban Jami'a,



Ina neman izini in gabatar maka da wata magana wadda, in aka auna ta da manyan al'amuran da ke gabanka, kamar gina ɗakunan karatu da biyan haƙƙin malamai da daidaita shekarar karatu, za a ga kamar ba ta kai a ɓata tawada dominta ba, alhali kuwa ita ce take hana wani ɗalibi barci, take hana wata ɗaliba sakewa a tsakanin ƴan'uwanta. Maganar ita ce ta cututtukan fatar kai da zubar gashi a tsakanin ɗalibai. Ni tsohon malamin makaranta ne, kuma da yawa daga cikin yaran da suka bi ta hannuna, ƴan Dakoro da Kornaka da Birnin Lalle da rugagen da ke kwarin Tarka, yau suna ƙarƙashin amanarka. In sun zo hutu sukan biyo su gaishe ni, kuma abin da yaro ba zai faɗa wa likitan da bai sani ba, yakan faɗa wa wanda ya koya masa riƙon alƙalami. Ba ƙara na kawo ba, ranka ya daɗe. Nasiha ce da roƙo.

Abin da ya bambanta wannan larura da sauran larurori shi ne tana da wurin ɓuya. Mai tari ana jin tarinsa, mai ciwon ido ana ganin idonsa, mai zazzaɓi abokan ɗakinsa za su ɗauke shi su kai shi asibiti ko bai so ba. Amma wanda kansa ya yi ƙuraje, ko wadda gashin goshinta ya fara ja da baya, hula da ɗankwali da hijabi sun isa su suturta su shekara guda ba wanda ya sani. Ga kuma kunya, domin mutanenmu sun daɗe da ɗaura ciwon kai irin wannan a wuyan ƙazanta, har ya zama saurayin da ya ci jarrabawar Bak ta kammala sakandare, wanda ƙauyensu duka ke alfahari da shi, ya gwammace ya sosa kansa har jini da ya tsaya gaban ma'aikaciyar lafiya ya cire hula. Daga nan sai ya nufi mai tallar magani a bakin tasha, wanda ba zai tambaye shi komai ba sai kuɗi.

Amma Shari'a ba ta raina wannan ciwo kamar yadda muka raina shi ba. Sananne ne ga ma'abota ilmi cewa a shekarar Hudaibiyya, shekara ta 6 bayan Hijira, kwarkwata ta addabi Sahabi Ka'abu ɗan Ujra yana cikin harami, har tana zubo masa a fuska, aka yi masa rangwame ya aske kansa ya yi fidiya da azumin kwana uku, ko ciyar da miskinai shida, ko yanka akuya, kuma hukuncin yana nan a cikin Suratul Baƙara ana karanta shi har gobe. Haka kuma aka yi wa Zubairu ɗan Awwamu da Abdurrahmani ɗan Aufu izinin sa alharini saboda ƙaiƙayin da ya same su, alhali alharini haramun ne ga maza. In har an sassauta hukuncin harami da hukuncin tufafi saboda ƙaiƙayi, to babu wani mai mulki da zai ce ƙaiƙayin talakawansa ya yi ƙanƙanta a gare shi. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ko da yake kakannin wasunmu a nan ƙasar Maraɗi da Gobir sun gwabza da shi a fagen fama, ba mai musun cewa yana kan gadon sarauta ya zauna ya wallafa littafi a kan maganin basir, bai ga hakan ya rage masa daraja ba.

Mafi yawa daga abin da ke damun ɗalibai amosani ne, kuma shi ne mafi sauƙi. Kimanin rabin baligai na duniya suna fama da shi, asalinsa kuwa wata ƙwaya ce dangin fumfuna da ke zaune a fatar kowa tana cin maiƙon kai, wadda takan yi ƙarfi a lokacin hunturu da lokacin da hankali ya tashi, kamar kwanakin jarrabawa. Yaranmu suna ganin fari-fari a kafaɗa sai su ɗauka bushewa ce, su ƙara lafta mai, ba su san abinci suke ƙara wa ƙwayar ba. Sabulun ruwa mai ketokonazol, a wanke kai da shi sau biyu a mako, a bar kumfar ta yi minti biyar kafin a ɗauraye, yakan kwantar da shi cikin wata guda.

Makero kuwa sha'aninsa daban ne, kuma a kansa ne aka fi yin hasarar kuɗi. Galibi ciwon yara ne, domin maiƙon da kai ke fitarwa bayan balaga yana yaƙar ƙwayarsa; amma yana kama manya, musamman mata, kuma baligi yana iya ɗauke da shi ba alama, ya je hutu ya shafa wa ƙannensa, ko ya kwaso daga gare su ya kawo ɗakin da mutum biyar ko shida suke haya a cikin gari, suna musayar mataji da hula da matashin kai. Abin da ya kamata kowane ɗalibi ya sani, wanda kuma mai tallar magani ba zai taɓa faɗa masa ba, shi ne ƙwayar makero tana shiga cikin silin gashi ne har zuwa saiwarsa, inda man shafawa ba ya kaiwa, saboda haka ko mutum ya shafe kwalba goma ba zai warke ba sai ya sha magani ta baki: girisiyofulbin na mako shida zuwa takwas, ko tarbinafin na kimanin mako huɗu, bisa umarnin likita, domin na farkon bai halatta ga mai juna biyu ba. Tun 1958 ake warkar da mutane da girisiyofulbin, wato tun kafin Nijar ta sami mulkin kai, kuma ba magani ne mai tsada ba. Idan aka yi sakaci har wurin ya kumbura ya tara ruwa, to yana iya warkewa ya bar tabon da gashi ba zai sake tsirowa a kansa ba har abada.

Sai kuma sha'anin aski, wanda ya shafi maza. A da wanzami yana zuwa gida da zabirarsa, an san shi an san ubansa; yanzu saurayi yana zama a rumfar da injin aski ɗaya ke bin kawuna ashirin ko talatin a yini, kuma samarin zamani suna son a kankare musu ƙeya a fitar da layi da reza har fata ta yi ja. Daga nan ƙurajen ƙeya suke samo asali, waɗanda sukan fara ƙanana masu ƙaiƙayi, in aka ci gaba da bin su da inji su taurare, su haɗe su zama tudu mai tabo wanda sai fiɗa ke raba mutum da shi. Abin da ya fi wannan tayar mini da hankali shi ne jini. Ƙwayar ciwon hanta nau'in B tana rayuwa aƙalla kwana bakwai a busasshen jini a bakin ƙarfe, kuma allurar rigakafinta ba ta shiga jerin alluran jarirai a ƙasarmu ba sai a 2008, ma'ana ɗaliban da aka haifa kafin wannan shekara, waɗanda suke cike da ɗakunan karatunka, galibinsu ba su same ta suna jarirai ba. Ɗan gilma wutar ashana a bakin inji, ko goge shi da fetur, kamar yadda ake yi a rumfuna da dama don a kwantar wa mai aski da hankali, ba tsarkakewa ba ce. Sai an kakkaɓe gashin, an jiƙa bakin injin da alkol na asibiti ko ruwan jabel an bar shi ya ɗan jima, reza kuwa kowane kai da sabuwarsa.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami, ranka ya daɗe, shi ne halin ƴaƴanmu mata. Wata ɗiyar maƙwabtana, yarinya mai hazaƙa wadda na koyar tun tana ƙarama, ta dawo hutu uwarta ta ga gashin gaban kanta ya ja baya kamar faɗin yatsa biyu, daga kunne zuwa kunne, sai ƴan siraran gashi a bakin goshi. Gidan ya ɗauka sammu ne, aka shiga neman rubutu da hayaƙi, alhali sababin yana hannun makitsiya. Ɗaliba mai ƙaramin guzuri ba ta da kuɗin kitso kowane mako, saboda haka takan roƙi a ja mata shi ƙanana a matse, don ya kai wata guda ko fiye, makitsiya kuma ta ce mata ta daure, wai kitson da bai yi zafi ba ba ya daɗewa. Ta kwana biyu ba ta iya ɗora kai a matashi, ta sha maganin ciwon kai, ƙananan ƙuraje su fito a gindin kitson, ta ɗauka haka ado ya gada. In an ƙara da gashin kanti mai nauyi, ko aka tattara gashin aka ɗaure tamau a ƙarƙashin hijabi tun safe har dare, sai jan ya ninku. Saiwar gashi tana jure wannan na wani lokaci, kuma in an sassauta da wuri gashin yakan dawo. Amma in aka shekara biyu, uku, ana yi, sai ta mutu, wurin ya zama kamar gindin rijiyoyinmu na nan arewa, inda kofaton dabbobi ya daddaɓe ƙasa shekara da shekaru har ko damina ta yi kyau ciyawa ba ta fitowa.

Wannan ba zato ba ne. Wata likitar fata ta Afirka ta Kudu, Nonhlanhla Khumalo, ta duba kawunan mutane a birnin Kef Tawun, ta bayyana a 2007 cewa kusan kashi 32 cikin ɗari na manyan mata da kashi 17 cikin ɗari na ƴan mata ƴan makaranta suna da wannan zubar gashi ta ja, kuma ta fi tsanani ga waɗanda ake yi wa kitso a kan gashin da aka miƙar da mai. A cikin maza kuwa ta sami kimanin ɗaya cikin goma da ƙurajen ƙeya. Man miƙar da gashin nan, da yawansa soda ce mai ƙuna, wadda take karya ƙarfin silin gashi ta kuma ƙone fata in ta wuce mintocinta, kuma ƴan mata suna shafa wa junansu a ɗaki ba agogo ba safar hannu.

A nan akwai wata mas'ala ta fiƙihu da nake ganin ta fi kowace lacca shiga zuciyar ɗalibanmu. Malaman Malikiyya, waɗanda a kan littattafansu muka tashi, sun yi bayani cewa ba a wajabta wa mace tsefe kitsonta domin wankan janaba ba muddin ruwa zai ratsa ya kai ga fatar kai, amma idan kitson ya yi tsauri har ya hana ruwa shiga, to tsefewa ta zama tilas. Ashe tsaurin da likita yake tsoro saboda saiwar gashi, shi ne tsaurin da malami yake tsoro saboda ingancin tsarki. Da limamin masallacin jami'a da malaman da ke karantar da ɗalibai mata za su faɗi wannan, su haɗa da bayanin likita, su kuma tunatar da cewa a bar gashi ya bushe kafin a rufe shi, da an sami maslaha biyu da magana ɗaya.

Akwai kuma zubar gashin da ba ruwanta da kitso ko ƙwayar cuta. Kan mutum yana ɗauke da silin gashi kimanin 100,000, kuma zubar 50 zuwa 100 a yini al'ada ce. Amma bayan zazzaɓi mai tsanani, ko haihuwa, ko tashin hankali, gashi mai yawa yakan tsaya da girma a lokaci ɗaya, sa'an nan ya zube bayan wata biyu ko uku. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kayar a watan Satumba, sai a Disamba zai ga mataji ya cika, lokacin ya riga ya manta da ciwon, sai ya ɗora laifin a kan ruwan Maraɗi ko a kan maƙiya. Wannan yana komawa da kansa cikin ƴan watanni, sai fa in akwai ƙarancin jini, wanda binciken lafiya na ƙasa na 2012 ya same shi a jikin kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa. Ɗalibar da ta zo da kukan zubar gashi, sau da yawa awon jini take bukata da abinci mai gina jiki.

Da yake babu mai yi musu wannan bayani, ga abin da suke yi wa kansu. Ana sayen man nan masu sinadarin kortizon mai ƙarfi, irin waɗanda ake shafawa don hasken fata, waɗanda suka cika kasuwanninmu. Su kashe ƙaiƙayi kwana uku, mai ciwo ya yi murna, alhali ƙwayar makero tana ƙara yaɗuwa a ƙarƙashinsu, ta kuma sauya kama har likita ya sha wuyar gane ta. Na ji wanda ya shafa man birki, da wanda ya goga tafarnuwa har fata ta saluɓe. Mafi hatsari duka shi ne zuba fiya-fiya a kai don kashe kwarkwata, domin guba ce da ke ratsa fata ta shiga jini, kuma tana kisa. Ba ina kushe abin da muka gada ba ne: karkashi da ganyen magarya da iyayenmu mata suke wanke kai da su, da man kaɗanya a kan silin gashi, ba su cutar da kowa ba, sun ma fi kayan kanti da yawa sauƙi ga kai. Iyakarsu dai ba sa kashe makero.

To, ranka ya daɗe, abin da nake roƙo bai kai ginin bene ba. Jami'ar da kake shugabanta, wadda aka kafa a 2010, tana da sashen koyon aikin likita a cikinta, kuma wannan ni'ima ce da ba kowace makaranta ta samu ba. Na san ɗakunan kwana da abinci da ɗakin shan magani na ɗalibai suna hannun ofishin CROU ne, amma maganarka tana da nauyi a wurinsu, kuma likitocin da za su taimaka naka ne. Ina roƙon a ware yini ɗaya a kowane wata wanda za a duba fata da kai kyauta, a cikin ɗaki mai sutura, mata su sami mace ƴar'uwarsu da za su buɗe wa kai ba tare da nauyi ba, domin in babu wannan sharaɗi rabin masu bukata ba za su zo ba. Kada a ce likitocin fata sun yi ƙaranci, domin maƙwabtanmu na Mali sun riga sun gwada hanya: a farkon shekarun 2000 likitoci Antoine Mahé da Ousmane Faye da abokan aikinsu suka tara ma'aikatan lafiya 400 na yankin Bamako, suka yi musu horo na yini ɗaya tak a kan cututtukan fata da aka fi gani, sai adadin majinyatan da aka gane ciwonsu aka kuma ba su maganin da ya dace ya tashi daga kashi 42 zuwa kashi 81 cikin ɗari, kuɗin magani kuma ya ragu da rubu'i. Abin da ya gagari ɗakin shan magani a tura shi manyan asibitocin Maraɗi, ko asibitin Danja da ya daɗe yana jinyar kuturta da cututtukan fata, ba sai yaro ya yi tafiyar fiye da kilomita 600 zuwa Yamai ba. In kuwa ana neman madogara a gaban ma'aikatar lafiya, ga ƙudurin da babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar a watan Mayu na 2025, bisa jagorancin ƙasar Kodebuwa, wanda ya sa cututtukan fata cikin abubuwan da ya wajaba ƙasashe su ba muhimmanci.

Ɗaliban likitanci da ke neman abin da za su rubuta kundin kammala karatu a kansa, ga fage a bakin ƙofarsu: su duba ƴan'uwansu da yardarsu, su ƙididdige masu amosani da masu makero da masu zubar goshi, domin mu sami alƙaluma na ƙasar Hausa da za a riƙa kafa hujja da su. Kuma tun da marigayi Ɗan Dikko Ɗankulodo, wanda jami'a ke ɗauke da sunansa, masanin ilmin sinadarai ne kafin ya zama ministan ilmi, babu abin da zai fi dacewa da sunansa kamar malaman wannan fanni su sayo man gashi da man shafawa da ake sayarwa a babbar kasuwar Maraɗi, su auna abin da ke cikinsu, su sanar da jama'a da Hausa ta gidajen rediyo.

Masu aski da makitsan da ke kewaye da jami'a kuwa, kada a ɗauke su abokan gaba, domin masu neman halaliyarsu ne, kuma ɗalibai suna jin maganarsu fiye da yadda suke jin ta likita. A gayyato su da mutunci, a zauna da sarkin aska na gari, a nuna musu yadda ake tsarkake inji da yadda ake gane kan da bai kamata a aske ba, a ba wanda ya kiyaye wata takardar shaida ya liƙa a rumfarsa, ɗalibai da kansu za su san inda za su nufa. Awon ciwon hanta da allurarsa ga sababbin ɗalibai a lokacin rajista shi ne abu ɗaya a cikin roƙona da ke bukatar kuɗi na sosai, kuma shi ne wanda na fi so a fara nema wa hanya.

Mu kuma a nan Dakoro akwai namu rabon aikin, domin makero daga makarantun firamare da makarantun allo yake tasowa, inda ruwa ke da nisa, aska ɗaya kuma take bin kan yara goma. Idan sashen likitancinku ya rubuta ɗan taƙaitaccen bayani da Hausa, da boko da ajami, na ɗauki alkawarin ni da abokaina tsofaffin malamai za mu kai shi makarantun Dakoro da Kornaka da Sabon Mashi da Ɗan Gulbi, mu karanta wa iyaye da alarammomi, mu kuma roƙi a fassara shi da Fulatanci da Tamashek saboda ƴan'uwanmu makiyaya. Tsakaninmu da ku kimanin kilomita 120 ne, motocin haya kuma suna tashi kullum. A ba kowane ɗalibi ɗan Dakoro da zai zo hutu ya riƙo mana.

Allah ya taimake ka a kan amanar da ke wuyanka, ya ba ɗalibanka lafiya da ilmi mai amfani.

Wassalamu alaikum.

Naka mai girmamawa,
Wani tsohon malamin makaranta,
Dakoro.